Ruwan da ke Bisa Kanmu: Doka da Sa Ido kan Lafiyar Madatsun Ruwa a Nijeriya



Gabatarwa

Wanda duk ya taso daga Tudun Jukun ya nufi Sabon Gari, sai ya haye Kubanni. Da rani kogin nan ba shi da wani kwarjini, ɗan ruwa ne kawai ke malala tsakanin yashi da lambuna. Amma in mutum ya bi gaɓarsa ya yi sama har Samaru, zai iske an datse shi da bangon ƙasa cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello, an tara ruwan da jami'a ke sha tun farkon shekarun 1970. Ta gabas kuma ga Galma, wanda Kubanni ke zubawa cikinsa. Shi ma an datse shi a wuri biyu: ga tsohuwar madatsar Zariya ta tsakiyar shekarun 1970, ga kuma babbar madatsar Galma da ke Kuzuntu, cikin Ƙaramar Hukumar Kubau. Watau mu mutanen Zariya muna kwana muna tashi da ruwa a tare bisa kanmu.

Ban tsaya a nan don in ce ɗaya daga cikin waɗannan madatsu na shirin karyewa ba. Tambayar da na kawo ita ce: wane ne doka ta ɗora wa alhakin duba lafiyarsu, sau nawa yake dubawa, wa kuma yake kai wa rahoto? Tambayar ta shafi manomin fadama, ta shafi mai gida a bakin rafi, ta kuma shafi ma'aikacin da fayil ɗin kuɗin gyara zai biyo ta teburinsa.

Ginin ƙasa da haƙƙinsa

Kalmar madatsa daga aikatau datse ta fito, watau wurin da aka tare hanya. Manoman fadama sun daɗe suna datse rafi da ƙasa da kara don ban ruwa. Abin da zamani ya kawo shi ne girma. Hukumar manyan madatsu ta duniya, wadda aka kafa a Faris cikin 1928, tana kiran madatsa babba idan tsayinta ya kai mita 15, ko kuwa idan tana tsakanin mita 5 da 15 amma tana riƙe da ruwan da ya haura kubik mita miliyan 3. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, watau duro biyar, nauyinsa kuwa tan guda. Madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, an shirya ta ne ta riƙe kusan kubik mita miliyan dubu biyu. Sai mai sauraro ya lissafa duro nawa ke nan.

Yawancin madatsunmu na Arewa na ƙasa ne: yumɓu a tsakiya don hana ruwa ratsawa, ƙasa da tsakuwa a gefe biyu, duwatsu a fuskar da ke kallon ruwa. Mutumin Zazzau kuwa ba baƙon ginin ƙasa ba ne. Ya san soro, ya san katanga, ya san ganuwa. Ya kuma san cewa ginin ƙasa yana da haƙƙin da ake biya kowace shekara: yaɓe, da gyaran indararo, da toshe ramin gafiya. A da, bayan ɗaukewar damina, akan fitar da jama'a aikin gayya a gyara inda ganuwa ta zube, akwai kuma Sarkin Magina da ya san aikin. Da aka daina wannan, kowa ya ga abin da ya rage na ganuwar in ya bi ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan. Madatsa ganuwa ce, sai dai abokin gabanta ba ya janyewa da rani ya koma gida. Yana nan jingine da ita dare da rana. Inda zurfin ruwa ya kai mita 10, kowace murabba'in mita na ɗauke da nauyin tan 10.

Ta hanyoyi uku madatsar ƙasa ta fi mutuwa.

Ta farko ita ce ruwa ya haura kanta. Kowace madatsa tana da mafitar rara, watau magudanar siminti da aka tanada don ruwan da ya wuce kima ya bi ya fita, wasu kuma suna da ƙofofin ƙarfe da ake buɗewa. Idan mafitar ta yi ƙanƙanta, ko ta toshe, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa saboda tsatsa ko rashin wuta, sai ruwa ya bi ta kan bango. Bangon ƙasa kuwa ba ya jure wannan. Cikin 'yan sa'o'i ruwa zai yanka shi kamar yadda yake yanka kwazazzabo.

Ta biyu ita ce yoyo na ɓoye. Babu madatsar ƙasar da ba ta ɗan tsattsafo, wannan ba aibu ba ne muddin ruwan da ke fita garau yake, yawansa kuma bai sauya ba. Amma in ruwa ya sami kafa, ko ta tsaga, ko ta saiwar itace da ta ruɓe, ko ta gidan gara, sai ya riƙa kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan yana faɗaɗa hanyarsa daga ciki, alhali daga waje bango na nan sumul. Alamarsa ita ce ruwan da ke fita ta bayan bango ya koma ja ko ya yi laka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nazarin da aka yi kan madatsun ƙasa da suka karye a duniya ya nuna cewa waɗannan hanyoyi biyu su ne sanadin mafi yawansu.

Ta uku ita ce zamewar gefen bango ko nutsewar harsashi, musamman in ƙasar ta jiƙe ainun ko an janye ruwan tafkin da gaggawa.

Akwai kuma wata cuta mai tafiyar hawainiya, watau cikowar tafki da yashi da laka. Malaman wannan jami'a sun sha auna tafkin Kubanni, sun kuma nuna zurfinsa na raguwa saboda noma da gine-gine da zaizayar ƙasa a samansa. Tafkin da ya cike da laka ba shi da wurin ajiye ruwan sama mai yawa; abin da ya shigo nan take yake neman mafita.

Abin lura a nan shi ne, dukan waɗannan cututtuka suna nuna alama kafin su yi kisa. Amfanin doka shi ne ta tilasta a sami mai ganin alamar, a kuma sami mai sauraronsa.

Abin da ya auku a ƙasarmu

Cikin Agustan 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta Jihar Kano ta karye, shekara goma sha takwas kacal bayan gina ta. Rahotannin ambaliyar da ta auka wa jihar a wannan wata sun ƙiyasta mutum 146 ne suka rasu, gidaje kimanin 18,000 suka rushe. Wani abu mai amfani ya biyo baya. Da injiniyoyi suka duba Tiga, wadda ta ninka Bagauda sau da yawa, sai aka sassare mafitar rararta da mita uku da rabi cikin 1992, don kada ruwa ya riƙa kaiwa matsayin da bangon zai wahala. An yi asarar wani kaso na ruwan da ake tarawa, amma an sayi kwanciyar hankalin duk wanda ke zaune a ƙasanta. Ga misalin sa ido da ya yi aiki, sai dai bayan an yi rashi ne aka yi shi.

A ranar 30 ga Satumba 2006 madatsar Gusau ta ɓalle. Rahotanni suka ce ƙofofinta ne suka ƙi buɗuwa da ruwa ya taru. Kimanin mutum 40 suka rasu, gidaje wajen 500 suka tafi. Ƙofar da ba a gwada ta da rani ba, ba a san halinta ba sai ranar da ake bukatarta, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Cikin Satumban 2010 ruwan kogin Rima ya ci ƙarfin madatsar Goronyo, mai ɗaukar kubik mita miliyan 942. Ƙauyuka da gonaki masu yawa suka nutse, hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke. A wannan damina kuma Jihar Jigawa ta sha ambaliya, aka shiga musu tsakanin hukumomi kan ko sakin ruwa daga Tiga da Challawa ne ya haddasa ta. Musun kansa darasi ne: da akwai littafin ajiye ruwa da sakinsa wanda kowa zai iya dubawa, da ba a yi jayayya ba.

Cikin 2012 da kuma 2022, ruwan da aka saki daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda aka gama cikin 1982, ya haɗu da damina mai ƙarfi ya mamaye garuruwan bakin Binuwai da Kwara. A 2012 Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A nan madatsa ba ta karye ba. Mai ita ya buɗe ƙofa ne don ya ceci bangonsa, na ƙasa da shi ya ɗauki nauyin. Ashe lafiyar madatsa ta haɗa da yadda ake sakin ruwa da yadda ake sanar da mutane.

Sa'an nan sai Alau. An gina ta a kan kogin Ngadda tsakanin 1984 da 1986, tana ɗaukar kubik mita miliyan 112, daga gare ta Maiduguri ke shan ruwa. Ta taɓa jawo ambaliya cikin 1994. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, ruwa ya ɓalle wani ɓangarenta ya shiga birni mutane na barci. Fadar Shehun Borno, da Kasuwar Litinin, da asibitin koyarwa na jami'a, duk ruwa ya shige su. Fursunoni 281 suka fice daga gidan yari, namun gidan zu suka mutu ko suka bazu cikin gari. Sama da mutum 400,000 suka rasa matsuguni. Kwanaki kaɗan kafin haka, mutanen da ke kusa da madatsar sun nuna damuwa, jami'ai sun ziyarci wurin sun kwantar wa jama'a da hankali. Bayan abin ya auku Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin duba madatsun ƙasa, cikin Fabrairun 2025 kuma ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau.

In aka jera waɗannan, za a ga fasali ɗaya ne: ruwa ya yi ɓarna, a kafa kwamiti, a ware kuɗi. Dubawar na zuwa ne bayan jana'iza.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Kada a zaci mu kaɗai muka fara da rashi. Kusan kowace dokar madatsa a duniya gawa ce ta haife ta. Bambancin shi ne abin da aka yi da darasin.

A Birtaniya, cikin 1925, madatsa ta karye a kan wani ƙauye mai suna Dolgarrog a yankin Wales, mutum 16 suka mutu. Cikin 1930 majalisa ta yi doka, aka sabunta ta a 1975. Gundarin dokar shi ne, babban tafki, wanda a Ingila ake nufin mai riƙe da fiye da kubik mita 25,000 bisa doron ƙasa, in karyewarsa na iya cin rai, dole a sa masa injiniya mai lura da shi kullum, dole kuma aƙalla sau ɗaya cikin shekara goma wani injiniya dabam ya bincike shi. Wannan na biyun ba ma'aikacin mai madatsar ba ne, daga jerin sunayen da gwamnati ta tantance ake ɗauko shi. Abin da ya ce a gyara saboda tsaron rai, doka ce, ƙin yi laifi ne. Tun daga 1925 ba a sake rasa rai ba a ƙasar saboda karyewar madatsa. Cikin 2019 da mafitar wata madatsa ta lalace a garin Whaley Bridge, an kwashe mutum kimanin 1,500 kafin komai ya faru, aka zuƙe ruwan, kowa ya koma gidansa.

A Amurka, ranar 5 ga Yuni 1976, madatsar Teton mai tsayin mita 93 ta karye a cikawarta ta farko. Da safe aka ga ruwa mai laka na fita ta bayanta, kafin azahar ta tafi, mutum 11 suka mutu. Hukuma guda ce ta zana ta, ta sa aka gina ta, ita ce kuma mai duba aikin kanta. Bayan wannan ne aka tsananta ƙa'idar cewa ƙwararru na waje su riƙa duba zanen manyan madatsu da aikinsu.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta tanadi ofishi na musamman don lafiyar madatsu. Dokar ruwanta ta 1998 ta ce duk madatsar da ta haura mita 5 a tsayi, take kuma riƙe da fiye da kubik mita 50,000, dole a yi mata rajista, ko ta gwamnati ce ko ta manomi. Ana rarraba su aji uku bisa girmansu da yawan ɓarnar da za su yi in sun karye, gwargwadon ajin madatsa gwargwadon tsananin binciken da ake yi mata.

Misalin ɗaya gefen kuwa shi ne Darna ta ƙasar Libiya. Madatsu biyu na shekarun 1970 suka karye cikin Satumban 2023, sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun mutu, dubbai suka ɓace. Shekara guda kafin haka wani malamin jami'a na ƙasar ya wallafa nazari yana gargaɗin abin da zai faru in ba a yi gyara ba. Ilimin yana nan, abin da babu shi ne hukumar da gargaɗin zai tilasta wa motsi. Cikin 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12.

Me dokarmu ta tanada?

Ba za a ce Nijeriya ba ta da dokoki ko hukumomi ba. Tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya iko kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta danƙa wannan iko ga Gwamnatin Tarayya, ta ba minista damar ba da lasisin tarewa ko karkatar da irin wannan ruwa. Tun 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa guda 11, daga baya suka zama 12. Su ne ke riƙe da yawancin manyan madatsun tarayya. Ta Haɗeja da Jama'are tana Kano, ta Sakkwato da Rima tana Sakkwato, Jihar Kaduna kuwa tana ƙarƙashin ta Kwara ta Sama mai hedkwata a Minna. Dokar lamba 86 ta 1992 ta wajabta nazarin tasirin babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Hukumar kiyaye ƙa'idojin muhalli, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin madatsu da tafkuna cikin 2014. Hukumar nazarin ruwa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya tana da sashen madatsu, a Kaduna kuma ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa mai horar da ma'aikata.

To, ina gizo ke saƙa? A wuri uku.

Na farko, masu madatsun suna da yawa. Ma'aikatar tarayya ta ƙidaya kimanin 400 a ƙasar. Wasu na hukumomin koguna ne, wasu na hukumomin ruwa na jihohi, wasu na kamfanonin wutar lantarki, kamar Kainji da Jebba da Shiroro, wasu na jami'o'i da manyan gonaki. Ƙananan da ƙananan hukumomi da 'yan siyasa suka haƙa don shayar da dabbobi kuwa, da yawansu ba su cikin kowane littafi.

Na biyu, shi ne mafi muhimmanci, mai madatsa shi ne mai duba kansa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gaskiya ne, amma sanin yoyo dabam, faɗarsa dabam. Injiniyan da ke ƙarƙashin manajan da zai sha tambaya in rahoto ya yi muni, ba ya da 'yancin rubuta duk abin da ya gani. Ma'aikatan da ke zauren nan sun san dalilin da ya sa ma'aji ba ya binciken asusun da ke hannunsa, sai an turo odita daga wani ofis. Ba don ana zargin ma'aji da sata ba ne, tsari ne kawai. Mun yarda da wannan a kan kuɗi, ba mu kafa shi sosai a kan ruwan da zai iya share gari ba.

Na uku, kuɗin gyara. Sabon aiki yana da bikin buɗewa da allo mai ɗauke da suna. Shafa wa ƙofa man giris, da sare itatuwan kan bango, da sayen ma'aunin da ya lalace, babu mai yanka kintinkiri a kansu, saboda haka su ake fara zaftarewa in kasafi ya yi ƙaranci. Manyan gyare-gyaren da aka yi wa wasu madatsun Arewa sun zo ne ta shirin noman rani da Bankin Duniya ya ba da rancensa cikin 2014, cikin Satumban 2024 kuma bankin ya amince da wani rancen na dala miliyan 500 wanda ya haɗa da lafiyar madatsu. Wannan taimako ne, amma shiri yana da ranar ƙarewa, madatsa kuwa tana nan.

An yi yunƙurin tattara dokokin ruwa wuri guda cikin wani ƙuduri da aka kai Majalisar Tarayya a 2017, aka sake kai shi a 2020 da 2022. Bai wuce ba, saboda gardamar da ta tashi kan wa zai mallaki gaɓar koguna, tarayya ko jihohi. Gardamar tana da tushe. Sai dai batun duba lafiyar bango bai kamata ya jira a gama rigimar mallakar ƙasa ba. Ana iya ware shi a yi masa dokarsa.

Abin da sa ido na gaskiya ya ƙunsa

Iyayenmu sun san duba-gari, ma'aikacin tsabta da ke shiga gida ya leƙa randa da magudana, wanda ba ya cin albashin mai gidan. Irinsa muke bukata ga madatsu, sai mu kira shi duba-madatsa. Aikinsa zai tsaya ne bisa abubuwa shida.

Na ɗaya, rajista. Kowace madatsa, babba ko ƙarama, a san mai ita da sunan ofishinsa, da shekarar gininta, da inda zanenta yake.

Na biyu, rarrabawa bisa haɗari. Ƙaramar madatsa da ke saman unguwa ta fi babba da ke saman daji bukatar ido. Abin aunawa shi ne rayuka nawa ke ƙasanta yau, domin wuraren da suke gonaki lokacin da aka yi ginin, da yawansu sun zama unguwanni.

Na uku, dubawa hawa-hawa. Mai gadi ya zaga bango kullum, ya san launin ruwan da ke tsattsafowa. Injiniyan mai madatsa ya duba kafin damina da bayanta, ya gwada kowace ƙofa da injin wutarta. Bayan 'yan shekaru ƙayyadaddu, ƙwararre na waje ya yi cikakken bincike, har da sake lissafin ko mafitar rara za ta iya da irin ruwan saman da ake samu yanzu.

Na huɗu, littafi. Tsayin ruwa na kowace rana, da abin da aka saki, da karatun ma'aunan da ke cikin bango, a rubuta, a adana. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai. Sauyinta cikin watanni shi ne ke tona asiri.

Na biyar, shirin gaggawa. A zana taswirar inda ruwa zai bi in bango ya tafi, da minti nawa zai ɗauka kafin ya isa kowace unguwa. A san wa zai kira wa, daga mai gadi zuwa injiniya, zuwa hukumar agaji, zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa. A san tudun da za a nufa. A nan kuma harshe ya shigo: gargaɗin da aka rubuta da Turanci aka aika ofis ranar Juma'a da yamma bai isa kunnen kowa ba. Sai an faɗe shi da Hausa, ta rediyo da lasifikar masallaci da bakin sanƙira, cikin kalmomin da tsohuwa za ta gane ta ɗauki jikokinta.

Na shida, iko. Duba-madatsa ya zama yana iya ba da umarnin a rage ruwa ko a yi gyara cikin wa'adi, ko da mai madatsar gwamnati ce, rahotonsa kuma ya zama abin da ɗan majalisa da ɗan jarida da mai unguwa za su iya karantawa.

Kammalawa

Mu dawo Kubanni. Wanda ya girma a Tudun Jukun ko Tudun Wada ko Gyallesu ya ga yadda gidaje suka yi ta gangarowa bakin rafi, ya ga kududdufan da ke shanye ruwan damina ana cike su da shara ana gini a kai. Kowane sabon gida a hanyar ruwa ƙari ne ga nauyin da ke wuyan bangon da ke sama, ko da bangon bai sauya ba. Saboda haka sa ido ba na injiniya kaɗai ba ne. Jami'in filaye da ke sa hannu a takardar fili yana ciki, jami'in kasafi yana ciki.

Ga ɗalibai, wannan jami'a tana da sashen injiniyan ruwa, da na labarin ƙasa, da na shari'a, da na harsuna, ga kuma madatsa a cikin gidanta. Babu abin da zai hana a mai da Kubanni abin koyi: a riƙa auna ta kowace shekara, a zana taswirar hanyar ruwanta har zuwa Galma, a fassara shirin gaggawa da Hausa a kai wa masu unguwannin da abin ya shafa. Ga ma'aikata kuwa, in takardar neman kuɗin gyaran ƙofa ko sharar mafita ta iso gabanku, ku tuna da Gusau kafin ku rubuta a jira baɗi. Ga sauran jama'a, kuna da haƙƙin ku tambayi wakilanku tambaya uku: wa ke da madatsar da ke samanmu, yaushe wani na waje ya duba ta, in ta ɓaci da dare wa zai tashe mu? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Maiduguri ya riga ya kama.